Nasiha Ga 'Ya'yanmu Masu Neman Ilmin Kimiyya da Lissafi

Ya ku 'ya'yana maza da mata waɗanda kuka zaɓi tafarkin kimiyya da lissafi da aikin injiniya, ko kuwa aka zaɓa muku shi, wannan nasiha ce daga wanda ya riga ku shiga wannan daji, ya taka ƙayoyinsa, ya kuma shafe shekaru masu yawa da alli a hannu yana kallon samari irinku suna shigowa cike da murna, waɗansu su fita da rabo, waɗansu kuwa gwiwarsu ta yi sanyi tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Dalilin wannan takarda shi ne wani yaro, ɗan wani aminina, wanda ya zo mini a hutun ƙarshen shekararsa ta fari a jami'a, ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya yi irin shirun nan da kan sanar da babba cewa akwai magana. Wannan yaro tun yana firamare ba a taɓa wuce shi a aji ba, ya fita sakandare da sakamakon da aka yi ta zuwa yi wa mahaifinsa barka a kansa, ya sami gurbin karatun injiniya, amma da aka kafe sakamakon shekarar fari sai ga shi ya faɗi darasi biyu, lissafi da fizik, watau abin da kuke kira kariyoba. Da na matsa masa sai ya ce, "Baba, ina ganin kaina ba na wannan karatu ba ne, gara in koma wani fanni tun da sauran lokaci." Ban yi masa faɗa ba, ban kuma lallashe shi ba. Na ce ya karanto mini ƙa'idar Arkimidis a kan abin da aka tsoma cikin ruwa, ya kuwa zubo ta da Turanci tiryan-tiryan, ba tuntuɓe ko ɗaya. Sa'an nan na ce masa, "To, kai da ka tashi a gidan da ake jan ruwa a rijiya, gaya mini, me ya sa guga cike da ruwa ba ya yi wa mai ja nauyi muddin yana nutse, amma da zarar ya fito sarari sai ka ji ya fizgi kafaɗarka?" Yaron nan ya yi ta juya abin a ransa har shayin da aka kawo masa ya huce, daga bisani ya ce ba a koya musu wannan ba. Alhali kuwa jawabin tambayata shi ne ainihin abin da ya gama karanto mini: ruwan rijiya yana tallafe duk abin da ke cikinsa da gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture, don haka shi ke ɗauke wa mai ja kayan guga har sa'ad da gugan zai rabu da shi. Ƙa'idar tana bakinsa, rijiyar tana gidansu, amma ba wanda ya taɓa haɗa masa su wuri ɗaya.

Kada ku zaci ina zargin hadda. Hadda baiwa ce da muka gada, kuma duk wanda ya wanke allo da hannunsa, ya tashi da asuba yana tilawa a gaban wuta, ya sami wani horo na ƙwaƙwalwa da haƙuri wanda 'ya'yan waɗansu al'ummai ke nema da kuɗi ba su samu ba. Amma ku dubi yadda malamanmu na zaure suka tsara al'amarin. Ɗalibi in ya sauke, ya shiga karatun littattafai, ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ba a barinsa ya yi ta rera Larabci kawai. Malam yakan bi da shi kalma bayan kalma, yana fasa kowace da Hausa, yana kawo misali da tulu da rijiya da kasuwa, har ma'ana ta zauna, kuma ba a ɗora masa wani babi sai wanda ke hannunsa ya nuna. A makarantar boko kuwa mun ɗauki rabin wannan tsari mun yar da rabi: muna haddace lafazi cikin harshen da yaro bai gama mallaka ba, ba wanda zai fasa masa, sai a zo jarrabawa ya mayar da abin da aka ba shi kamar mai mayar da ajiya, a ba shi maki, a yi masa barka. Wannan dabara takan kai mutum har ƙofar jami'a, amma nan take ƙarewa, domin a can za a ba ka mas'alar da ba ka taɓa gani ba a ce ka warware, kuma a ranar ne mai hadda tsagwaro kan ga kamar an canza masa kai, alhali kansa yana nan yadda yake, hanyar ce ba ta ɓullewa.

Saboda haka abu na fari da nake roƙonku shi ne ku zama masu fassara wa kanku. Duk ƙa'idar da aka koya muku, in kun koma ɗaki, ku rufe littafi ku faɗe ta da Hausa, irin Hausar da mahaifiyarku ko ƙanenku ɗan aji huɗu zai gane. In ta ƙi faɗuwa, to ku tabbata ba ku riƙe ta ba tukuna. A cikin wannan aiki za ku tarar da wani abin mamaki, watau wuraren da harshenmu ya haɗa abubuwan da kimiyya ta raba. Da kalmar "nauyi" muke kiran yawan abin da ke cikin jiki, wanda ba ya canzawa ko an kai shi duniyar wata, da ita kuma muke kiran jan da ƙasa ke yi masa, wanda a kan wata zai ragu ya koma wajen sudusin yadda yake a nan. Da kalmar "zafi" muke nufin matsayin da ma'aunin zafi ke nunawa, da ita kuma muke nufin yawan zafin da ke tare a cikin abu, alhali tartsatsin maƙera ya fi ruwan wanka matsayin zafi nesa ba kusa ba, amma bokitin ruwan wankan ya fi shi tarin zafi. "Ƙarfi" kuwa mun ɗora mata kaya uku ko huɗu: turi, da kuzarin da ake kashewa wajen aiki, da saurin kashe shi, da juriyar ƙarfe kafin ya karye. Wannan ba aibi ba ne ga Hausa, domin Turancin kasuwa ma haka yake cakuɗa su. Amma ɗalibin da ya zauna ya rarrabe su da bakinsa, ya nemo wa kowace misalinta, ya riga ya haye rabin kogin fizik. Ba ni kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. A Jami'ar Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida, Turanci yana zaman darasi guda, aka kuwa tarar yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har sun fi su a mafi yawan darussa. Haka kuma Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fizik wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen binciken amfani da hasken rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun a littafinsa na 1964 a kan ilmi a Afirka ya tsaya a kan cewa a koyar da yaro da harshen da ya sha a nono. Wannan ba izinin sakaci da Turanci ko Faransanci ba ne, domin da su aka rubuta littattafan da za ku karanta, da su kuma za a tambaye ku. Ku ƙware a cikinsu iyakar ƙwarewa, amma ku bar fahimta ta kwana a harshenku.

Sai maganar tsoron lissafi, wanda ya zama kamar wata cuta mai yaɗuwa, babban ɗalibi ya shafa wa ƙarami tun bai buɗe littafi ba, har ka ji yaro yana cewa shi ba a halicce shi da kan lissafi ba, ko kuwa wai ilmin Nasara ne. Wanda ya faɗi wannan na biyu bai san gidansu ba. Ilmin aljabara da kuke gudu sunansa ma daga littafin Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya fito, wanda ya wallafa a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 820, kuma kashi mai yawa na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Duk malamin da ya iya ilmin fara'ili gwanin kasafi ne, ko bai taɓa zama a kan benci ba. Ku ɗauki mas'alar matar da ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da nusufi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu, in an mayar da su bisa asali guda, watau shida, sai ya zama uku da huɗu, jimla bakwai, rabo ya fi dukiya, sai malamai tun zamanin Sayyidina Umar suka ɗaga asalin daga shida zuwa bakwai, domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa, abin da ake kira auli. Wannan shi ne haɗa kasafi da neman asali guda da ake koya muku a ƙaramar sakandare, ba daɗi ba ragi. A ƙasarmu ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, wanda ya tafi hajji, ya rubuta littafi da Larabci a farkon shekarun 1730 a kan hanyoyin tsara lambobi cikin gidajen hatimi, yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kamar 15 a hatimi mai gida tara, ko 65 a mai gida ashirin da biyar. Ya rasu a Alƙahira a 1741, malaman Misra suna girmama shi. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, mutumin Belel ta ƙasar Adamawa, wanda ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya koyar da lissafi a Zariya, har ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978.

Gaskiyar al'amari ita ce lissafi gini ne irin na tubali, kowane sahu a kan na ƙasa yake zaune, kuma a cikin shekarun da na yi ina duba takardun ɗalibai, da wuya na ga wanda ya faɗi kalkulas saboda kalkulas ɗin kansa. Kusan kullum in na bi sawun kuskuren sai in tarar da shi can ƙasa, a wajen haɗa kasafi, ko buɗe baka, ko alamar ragi da ta ɓace tsakanin layi da layi, watau ramin da aka bari tun yaro yana ɗan shekara goma sha biyu, ranar da malami bai zo ba ko ya zo ya yi sauri. Maganin wannan ɗaya ne, kuma yana da ɗaci ga mai girman kai: ka koma baya. Ka ari littafin ƙanenka na aji ɗaya da na aji biyu, ka bi shi daga bango zuwa bango, ka warware kowace tambaya da fensir, kada ka tsallake wadda ka ga kamar ta yi sauƙi. Kuma ku sani kallon malami yana warware mas'ala a allo ba ya koyar da lissafi, kamar yadda zama a bakin masaƙa ba ya mayar da mutum masaƙi. Mas'ala guda da ka kwana da ita, ka ɓata takarda uku a kanta, ka tashi da asuba ta buɗe maka, ta fi ashirin da ka kwafa daga littafin abokinka. Kada kuma kunya ta hana ku tambaya. Mun tashi da ladabin sunkuyar da kai gaban manya, ladabi ne kuwa mai kyau, amma a zauren ilmi ɗalibi yakan ce, "Allah gafarta Malam, ban gane ba," malam ya maimaita, ba wanda ya ce ya yi rashin kunya. Ban ga dalilin da zai sa a bar wannan sunna a ƙofar ɗakin lacca ba.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahalhalun da ba ku kuka jawo su ba, kuma nauyinsu yana wuyanmu mu manya. Na san makarantun da ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai da kwado a ƙofa, inda ɗalibi zai gama sakandare bai taɓa leƙa madubin ganin ƙwayoyin halitta ba sai dai hotonsa da aka zana a allo. Na san ɗakin laccar da ɗalibai ɗaruruwa ke cunkushe, na baya yana ganin bakin malami yana motsi ba ya jin abin da yake faɗa. Na san yaron ƙauyen da ranar jarrabawar shiga jami'a ita ce ranar da ya fara ɗora yatsa a kan kwamfuta. Kun kuma ga yadda yajin aikin malaman jami'o'i ya zaunar da 'yan'uwanku a gida wata tara a 2020, da wata takwas a 2022, karatun injiniya mai shekara biyar ya koma shida ko fiye. Duk wannan gaskiya ne, kuma mun san ana iya gyarawa in an so, domin sa'ad da Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, ta tace yara, ta zuba kayan aiki da malamai, ba a daɗe ba aka ga likitoci da injiniyoyi suna fitowa daga gidajen talakawa. Ku riƙa faɗin wannan ga duk mai iko da kuka samu dama, da ladabi amma ba da tsoro ba.

Sai dai shekarunku ba za su tsaya jiran gyara ba, kuma Allah bai kulle ayoyinSa a cikin ɗakin da shugaban makaranta ke riƙe da mabuɗinsa ba. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya yi aikinsa a Alƙahira shekaru dubu da suka shige, da ɗaki mai duhu da 'yar ƙofa a bango da fitilu ya tabbatar da cewa haske a miƙe yake tafiya, ya kuma kafa hujja cewa daga abu yake zuwa cikin ido, ba daga ido yake fita ba. Ku jiƙa zoɓo ku raba shi kofi uku, ku matsa lemun tsami a ɗaya, ku zuba ruwan kanwa a ɗaya, ku bar na uku yadda yake, za ku ga na lemo ya ƙara ja, na kanwa ya juya ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kun sami ma'aunin rarrabe tsami da kishiyarsa, irin wanda ake saye a kwalba da tsada. Ku ɗaura dutse a igiya mai tsawon mita ɗaya ku rataye a reshe, ku sake shi a hankali yana lilo, ku ƙirga zuwa da dawowa goma da agogon wayarku, za ku sami kusan daƙiƙa ashirin. Ku sauya dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai sauya ba. Ku rage igiyar ta koma rubu'in tsawonta, lokacin zai koma rabi. Ku kafa sanda a fili ku riƙa auna inuwarta a lokacin zawali, kamar yadda ladanan dā ke yi da taƙi domin sanin azahar da la'asar, za ku ga a ƙasar Kano inuwar takan ɓace sau biyu a shekara, cikin Afrilu da cikin Agusta, sa'ad da rana ke bi ta tsakar ka. Kuma duk sa'ad da inuwar sandarku ta yi daidai da tsawonta, inuwar rimin unguwarku ma ta yi daidai da tsawonsa, sai ku auna shi ba tare da kun hau ba. Wannan shi ne matakinku na farko a ilmin kusurwoyi.

Wani abin da ke ci mini rai shi ne ƙyamar aikin hannu da ke shiga ɗalibi da zarar ya sami gurbi a jami'a, har ka ga mai karatun injiniya yana jin nauyin a gan shi da baƙin mai a riga. Ku je marinar Ƙofar Mata ku tsaya ku ga yadda marini ke haɗa baba da toka ya bar su su ruɓa kwanaki, ya tsoma zane ya fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗa shuɗi a gaban idonku. Abin da littafinku na kemistiri ke bayani da alamomi a kan cirewa da shigar iskar shaƙa, shi ne wannan mutum yake sarrafawa da hannu tun kaka da kakanni. Ku dubi bakunan tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaura da azara da ƙasa zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ku tambayi kanku ta ina nauyin rufin yake bi ya sauka ƙasa. Marini da magini sun san yadda ake yi, ku ana koya muku dalilin da ya sa ya yiwu, kuma ƙasar nan ba za ta ƙera abin kanta ba sai ranar da sanin biyu suka haɗu a mutum ɗaya. In lokacin zuwa koyon aiki a masana'antu ya yi, kada ya zama sa hannu a littafi kawai. In kuwa yajin aiki ya zaunar da ku, ga garejin kanikawa, ga masu walda, ga masu naɗin waya, ga masu haɗa lantarkin hasken rana, ku je ku durƙusa ku ce kun zo koyo.

Ga waɗanda suka nemi likitanci aka tura su fizik ko lissafi ko ilmin tsirrai ko noma, suna tafe suna jan ƙafa kamar an yi musu auren dole, ina cewa ku dubi cibiyar binciken noma ta Samaru, wadda irin dawa da masara da gyaɗa da wake da ta fitar suka shiga gonakin da ba su ƙirguwa, ku dubi kuma makarantun garuruwanku da ke shekara ba malamin fizik. Ku kuma 'ya'yana mata, duk wanda ya ce muku lissafi ba na mace ba ne ku nemi hujjarsa. Ni dai a ajina sau da yawa takardar da ta fi tsabta da tahƙiƙi ta mace ce, kuma ƙasar da ta haifi Nana Asma'u ba ta da bakin cewa zurfin ilmi bai kamaci mace ba.

Na bar magana mafi nauyi sai yanzu, ita ce amanar awo. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a ɗakunan gwaji, watau ɗalibi ya yi gwaji, sakamakon ya saɓa da abin da ke littafi, sai ya goge lambobin da idonsa ya gani ya rubuta waɗanda ya san malami yana so. Wani ma ba ya gwajin sam, ya kwafi na 'yan bara. Wani ya sayi aikin bincikensa na ƙarshe dungum, ko ya sa na'ura ta rubuta masa ya ɗora sunansa. Kuna ganinsa ƙaramin abu, ni kuwa ban ga bambancinsa da tauye mudu ba, kun kuwa san abin da shari'a ta tanada wa mai tauye mudu. Hannun da ya saba gyara lamba a takardar makaranta, shi ne gobe zai sa hannu cewa ƙarfen gini ya isa alhali bai isa ba, ko ruwan rijiyar burtsatse yana shawuwa alhali bai auna ba. Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu, iyaye ba su san abin da ke ɗauke musu 'ya'ya ba, har sai da aka ɗebi jinin yaran da ƙasar tsakar gidaje aka auna, aka tarar gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida. Rayukan da aka ceto bayan haka sun rataya ne a kan cewa wani mutum a wani ɗakin gwaji ya rubuta lambar da ya gani, ba wadda ya yi zato ba. In gwajinku ya saɓa da littafi, ku rubuta shi yadda ya zo, ku rubuta a ƙarƙashinsa abin da kuke tuhuma ya jawo saɓanin. Malamin kirki zai fi daraja wannan, in ma bai daraja ba, kun tsira da abin da ya fi maki.

Yaron nan da na fara ba ku labarinsa bai sauya fanni ba. Na ba shi littafin lissafi na ƙananan azuzuwa, na ce kada ya dawo sai ya gama shi, na kuma ce ya ari sikelin rataye wajen mahauci, ya auna dutse a sarari, ya auna shi nutse cikin kwano cike fal da ruwa, ya tari ruwan da ya zuba a tasa ya auna shi ma. Bayan mako shida ya dawo da littafin duk ya sha fensir, da wata takarda a ninke cikin aljihu. Dutsen ya yi kilo biyu a sarari, nauyinsa ya ragu da giram 800 a cikin ruwa, amma ruwan da ya tara giram 700 ne kawai, kuma ya maimaita sau uku bai cike giɓin ba. Ya miƙo mini takardar yana ɗan jin nauyi, ya ce, "Baba, bai fito daidai ba, amma haka na gani. Ina tuhumar ruwan da ke maƙalewa a gefen kwanon, da kuma sikelin, don layukansa giram ɗari-ɗari ne." Na sa aka ɗauko mana kwano da tasa da tulu, muka fita tsakar gida, muka sake awon tare har aka kira magariba.